IN KWAMFUTA TA ƘI TASHI, KADA A YI GAGGAWAR WANKE TA

Duk wanda ya ke aiki da kwamfuta a biro, ko a lakwal, ko a shagon buga takardu, ya san irin wannan safiya. Magatakarda ya zo da wuri, ya share tebur, ya danna maɓalli, sai na'ura ta yi ɗan gurnani ta tsaya, allo ya yi baƙi ƙirin, in ban da wani ɗan layin rubutu da ke cewa ba a ga abin da za a tashi da shi ba. Alhali kuwa a cikinta lissafin albashi ya ke, da sunayen ɗalibai, da takardun filaye, ko kuwa kundin kammala karatu na wani yaro da ya kwashe shekara guda yana wahala a kansa. Sai a ruga wajen mai gyara. Shi kuma, in mai gaggawa ne, maganarsa guda ce: a yi mata formate, wato a wanke ta tas a sake zuba mata Windows. Kafin la'asar na'ura ta tashi, amma aikin shekaru ya tafi.

Abin da mu ke so mu bayyana a yau shi ne, sau da yawa wannan hasara ba ta zama dole ba. Kwamfutar da ta ƙi tashi ba lalle ne takardun cikinta sun mutu ba. Akwai kayan aiki na kyauta, waɗanda masana na ƙasashe dabam-dabam suka ƙera suka bar wa kowa, kuma dukansu suna iya shiga cikin ƴar sandar ajiyar nan da mu ke kira kile, wato makullin USB, wadda ba ta wuce tsawon ɗan yatsa ba.

KASUWA DA LITTAFIN SARKIN KASUWA

Kafin a gane maganin, sai an gane yadda a ke ajiya a cikin faifan kwamfuta. Mu ɗauki faifan tamkar babbar kasuwa mai rumfuna dubbai, kowace da lambarta. In ka ajiye takarda ko hoto, na'ura ta kan yanyanka shi ta rarraba a rumfunan da ba kowa, sa'an nan ta rubuta a wani littafi cewa takarda kaza tana rumfa kaza da rumfa kaza. Wannan littafi, da dokokin rubuta shi, su a ke kira tsarin ajiya. Shi ne littafin sarkin kasuwa. In littafin ya yage, kaya suna nan a rumfunansu, sai dai ba wanda ya san na wane ne a ina.

Tsare-tsaren ajiya suna da yawa. Mafi tsufa cikin waɗanda a ke aiki da su har yanzu shi ne FAT, na kamfanin Microsoft, wanda asalinsa ya koma shekarar 1977. Jikansa FAT32 ya fito a 1996, kuma kusan kowace na'ura ta san shi, tun daga rediyon mota har talabijin. Amma ba ya karɓar takarda guda da ta kai jiga 4. Wannan shi ne dalilin da ya sa wani lokaci kile ya kan ƙi karɓar babban fim alhali da sauran wuri a cikinsa. Domin kau da wannan matsala aka fito da exFAT a 2006. Shi kuwa NTFS, wanda Windows ke zama a kansa, ya fito a 1993. A ɓangaren Linux, wani masani Bafaranshe, Rémy Card, ya tsara ext a 1992 da ext2 a 1993, kuma daga zuriyarsu ne ext4 ya fito a 2008.

Akwai wani bambanci tsakaninsu da ya shafe mu ƙwarai, mu da wutar lantarki ta kan yanke mana ba sallama, musamman a watannin zafi. NTFS da ext4 suna riƙe da wani ɗan littafi na biyu, inda su kan rubuta abin da su ke shirin yi kafin su yi shi. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, na'ura ta kan duba ɗan littafin nan ta daidaita lissafinta. FAT32 da exFAT ba su da wannan. Saboda haka ne fizge kile ba tare da an sallame shi ba ya kan jawo ɓarna.

Haka kuma, in ka share takarda, na'ura ba ta zuwa rumfa ta kwashe kaya. Sunan kawai ta ke sokewa a littafi, ta ce rumfar ba kowa. Kayan suna nan har ranar da aka zuba wasu a kansu. Formate na gaggawa ma haka ya ke: sabon littafi a ke buɗewa, fari fat. Abin da ke kashe takardu da gaske shi ne sabon rubutun da a ke zubawa daga baya.

YADDA KWAMFUTA KE TASHI

Da ka danna maɓalli, ba Windows ne ke fara magana ba. Akwai wata ƴar manhaja da ke zaune a jikin na'urar kanta, wadda a tsofaffin kwamfutoci a ke kira BIOS, a sababbi kuma UEFI. Aikinta shi ne ta duba ƙwaƙwalwa da allo da sauran gaɓoɓi, sa'an nan ta nemi wurin da za ta miƙa ragama.

A tsohon tsari, wanda ya fara a 1983, ta kan karanta gidan farko na faifai, mai okte 512 kacal, wato kamar haruffa 512. A ciki, 446 umarnin tashi ne, 64 kuma jerin iyakokin faifai ne, domin a kan raba faifai kashi-kashi kamar yadda a ke raba gona tsakanin magada. Sauran biyun hatimi ne. Ku duba fa: ɗan wurin da bai cika rabin shafin littafin ɗan lakwal ba, in ya lalace, faifai mai ɗauke da aikin ma'aikata guda sai ya zama kamar fanko. Sabon tsarin da a ke kira GPT ya rage wannan haɗari, domin ya kan ajiye kwafin jerin iyakokin a ƙarshen faifai, kuma ya kan karɓi kashi har 128 maimakon huɗu.

To, ga inda dabarar ta ke. Ƴar manhajar nan ba ta damu da ko daga faifan ciki za ta tashi ba. In ka nuna mata kile mai ɗauke da cikakkiyar babbar manhaja, daga nan za ta tashi. Direbobi sun san wannan: motar da batirinta ya mutu, da batirin wata a ke tayar da ita, ba a kai ta wurin masu yankan ƙarfe. A kan danna wani maɓalli da zarar an kunna na'ura, sai jerin wuraren tashi ya bayyana: F12 a yawancin kwamfutocin Dell da Lenovo, F9 a na HP. Da kwamfuta ta tashi daga kile, faifan ciki ya zama kamar ɗakin da aka shiga ta taga. Sai a kwashe takardun a zuba a wani faifai na waje, tun ba a taɓa gyaran komi ba.

SU WA SUKA ƘERA WAƊANNAN KAYA

A shekarar 1983, wani masani na Amurka, Richard Stallman, ya ƙaddamar da shirin GNU, da nufin a samu manhajar da kowa ke da iznin ya yi aiki da ita, ya karanta asalin rubutunta, ya gyara, ya kuma raba wa jama'a. A 1989 ya fito da takardar izni mai suna GPL, wadda ta ce duk wanda ya gyara irin wannan manhaja ya raba ta, wajibi ne ya bar ta a buɗe kamar yadda ya same ta. A 1991 wani ɗalibi a birnin Helsinki na ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya rubuta zuciyar babbar manhajar da a ke kira Linux. A shekarar 2000 kuma wani Bajamushe, Klaus Knopper, ya fito da Knoppix, wanda ya shahara da tashi kai-tsaye daga faifan CD ba tare da ya taɓa faifan ciki ba. A cikin shekarar nan ce kile na farko ya shiga kasuwa, yana ɗaukar mega 8. Da kile ya girma ya yi araha, sai dabarar ta koma kansa.

Domin shirya kile mai tayar da kwamfuta, biyu ne suka fi shahara. Na farko Rufus, wanda Pete Batard ya fitar a 2011. A cikin Windows ya ke aiki, ya kan ɗauki hoton babbar manhaja guda, wanda a ke kira ISO, ya dasa shi a kile. Na biyu Ventoy, wanda ya fito a watan Afrilu na 2020. Shi sau ɗaya a ke dasa shi. Daga nan sai ka riƙa zuba hotunan ISO iri-iri kamar yadda ka ke zuba waƙoƙi, in na'ura ta tashi ta jero maka su ka zaɓa. Da haka kile guda ya zama akwatin kayan aikin makaniki. A lura dai: dukansu biyu su kan share abin da ke cikin kile ranar da a ke dasa su.

KOWACE CUTA DA MAGANINTA

In Windows ne kawai ya lalace, faifai kuwa lafiyarsa lau, kowane Linux mai tashi daga kile ya isa, kamar Debian, ko Ubuntu, ko Linux Mint. Suna karanta NTFS, albarkacin aikin NTFS-3G da aka fara a 2006. ExFAT ma ya shiga zuciyar Linux a 2019, bayan da Microsoft ya bayyana ƙa'idojinsa a fili.

In iyakokin faifai ne suka ɓace, ko na'ura ta ce wai faifan yana bukatar formate, kada a amsa mata. TestDisk, wanda wani Bafaranshe, Christophe Grenier, ya fara a 1998, ya kan bi faifai gida-gida yana neman alamun tsofaffin iyakoki, kamar dattijon da ke neman tushen gamba a tsakanin gonaki biyu, sa'an nan ya sake rubuta jerin. Ya kan kuma maido da gidan tashi daga kwafin da NTFS da FAT32 ke ɓoyewa.

In littafin ya lalace gaba ɗaya, sai a koma ga ɗan'uwansa PhotoRec, na mutumin nan dai. Shi ba ruwansa da littafi: rumfa-rumfa ya ke bi, yana gane kaya da kamanninsu, domin kowane irin hoto ko takarda yana da alamar da ya ke farawa da ita, kuma ya san ɗaruruwansu. Aibinsa shi ne takardun su kan dawo ba sunayensu na asali, sai an zauna an tantance. Amma wanda ya yi tsammanin ya rasa komi ba zai ƙi wannan wahala ba.

In kuwa faifan kansa ne ke ciwo, yana ƙara ƙas-ƙas ko yana tsayawa, to kowane juyi da ya yi yana ƙara kusantar da shi ga mutuwa. Nan ne aikin ddrescue, na shirin GNU. Ya kan fara kwafe wuraren da ke da lafiya da sauri, sa'an nan ya komo kan masu ciwo a hankali, yana rubuta inda ya tsaya. Ko wuta ta ɗauke, in ta dawo daga nan zai ci gaba. Bayan an gama, a kan kwafin a ke yin sauran bincike, a bar majinyacin ya huta.

Akwai kuma GParted, wanda ya fito a 2004, mai nuna kashe-kashen faifai a zane, a faɗaɗa wannan, a rage wancan, a buɗe sabo. Sai Clonezilla, wanda Steven Shiau da abokan aikinsa suka ƙera a wata cibiyar bincike ta Taiwan. Shi ya kan ɗauki hoton faifai sukutum. Shugaban lakwal mai kwamfuta ashirin iri guda zai iya shirya ɗaya, ya ɗauki hotonta, ya zuba wa sauran. Wadda ta lalace kuma a maido da ita cikin ɗan lokaci.

WUƘA BA TA SAN MAI ITA BA

Wajibi ne mu faɗi haɗarin, domin kayan nan masu kaifi ne. Linux ba ya kiran faifai da C ko D. Sunaye irin su sda da sdb ya ke ba su. Wanda ya rikita su ya kan wanke faifan da ya zo ceto. A duba girman kowane faifai sau biyu kafin a danna. Kada kuma a zuba takardun da a ke cetowa a kan faifan da a ke ceto daga gare shi, domin za su taka waɗanda ba a kai gare su ba tukuna.

Na biyu, sababbin faifan da a ke kira SSD ba su da haƙurin tsofaffi. Su kan share rumfunan da aka soke da kansu ba da jimawa ba, saboda haka abin da aka share a cikinsu da wuya ya dawo.

Na uku, araha ba ta ado. Akwai kile na jabu a kasuwanni, wanda a ke rubuta masa jiga 64 ko fiye alhali cikinsa bai kai haka ba. Ya kan karɓi kaya ba musu, ya riƙa zuba sabo a kan tsoho. Wata ƴar manhaja mai suna f3 ta kan cika kile ta sake karantawa domin ta tona asirinsa, Rufus ma yana da irin wannan gwaji.

Na huɗu, ƙofar da mai gida ya shiga ta taga, ɓarawo ma zai iya. Duk wanda ya samu kwamfutarka da kile a hannunsa zai karanta takardunka ba tare da ya san kalmar sirrinka ta Windows ba. Ma'aikatun da ke riƙe da asirin jama'a, kamar na lafiya da na kuɗi, ya kamata su kulle faifansu da rubutun sirri, ko da BitLocker na Windows, ko LUKS na Linux, ko VeraCrypt. Amma a sani, faifan da aka kulle haka, in makullin ya ɓace, ba TestDisk ba PhotoRec da zai buɗe shi. Makullin ceto na BitLocker lambobi 48 ne. A rubuta su a takarda a sa a akwatin ƙarfe.

Na biyar, kasancewar manhaja a buɗe ba ya nufin ba a iya saka mata mugun abu. A watan Maris na 2024, wani injiniya, Andres Freund, ya lura da jinkirin kusan rabin daƙiƙa a wata na'urarsa, ya bi sawu har ya gano wata ɓoyayyiyar ƙofa da aka dasa a cikin xz, wata manhajar matse takardu da Linux ke aiki da ita. Wanda ya dasa ta ya shafe wajen shekara biyu yana neman amincewar masu aikin. An toshe ta tun ba ta yaɗu ba, domin rubutun a buɗe ya ke, mai ido ya iya bincikawa. A shekarar nan kuma wasu masana suka yi ƙorafi cewa akwai gutsattsarin da ke cikin Ventoy waɗanda ba a iya tantance asalinsu da sauƙi. Darasin shi ne a ɗauko kowace manhaja daga gidan masu ita a intanet, a kuma gwada hatiminta na SHA-256, wato jerin haruffa da lambobi 64 da su kan buga tare da ita. In ko ɗaya ya saɓa, a yar da ita.

TSOHUWAR KWAMFUTA BA SHARA BA CE

Akwai wani dalili da ya sa maganar nan ta zo a kan kari. Ran 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina ba Windows 10 gyare-gyaren tsaro na yau da kullum, in ban da wani shiri na ƙarin wa'adi. Windows 11 kuwa yana bukatar wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da ƙwaƙwalwa ta baya-bayan nan, abin da tsofaffin na'urori da yawa ba su da shi. Kowa ya san kwamfutocin da ke hannun ɗalibai da ƙananan ma'aikata a Yamai, da Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, da yawansu na hannu ne, sun yi aiki a wata ƙasa kafin su iso mu. Ba mu da halin zubar da su. Da kile, mutum zai iya gwada Linux a kan na'urarsa yini guda, ya ga ko firinta da intanet suna aiki, ba tare da ya taɓa Windows ɗinsa ba. In ya gamsu ya dasa, in bai gamsu ba ya zare kile, komi ya koma yadda ya ke. A Faransa ma wata ƙungiyar ƴan sa-kai ta fito da Emmabuntüs a 2012, musamman domin farfaɗo da tsofaffin kwamfutocin da a ke bai wa ƙungiyar agaji ta Emmaüs.

KIRA GA SHUGABANNIN MA'AIKATU DA MASU GYARA

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kwamfutar da ta mutu ba za ta shirya kilen da zai cece ta ba. Tun tana da lafiya a ke shirya shi. Saboda haka muna kira ga kowane shugaban biro da na lakwal da ya sa a tanadi kile guda mai kyau, jiga 16 ko 32 ya isa, a zuba masa Linux guda da kayan da muka lissafa, a gwada shi a kan kowace kwamfuta ta gidan, a rubuta masa suna, a ajiye shi nesa da ƙura da zafin rana. A koya wa mutum biyu aiki da shi, kada ranar da ɗaya ya yi tafiya a rasa mai taimako.

Masu gyara kuma, ku ne likitocin wannan zamani. Kafin ku wanke na'urar mutum, ku tambaye shi abin da ke ciki, ku tashe ta da kile, ku kwashe masa kayansa. Wanda ka ceto wa aikin shekara ba zai kai na'urarsa wani shago ba.

Daga ƙarshe, duk waɗannan kaya magani ne, rigakafi kuwa ya fi su. Takardar da ke wuri guda tak, a bakin rijiya ta ke. A riƙa kwafe muhimman takardu kowane mako a faifai na waje, a ajiye kwafi guda a wani gini dabam, a kuma buɗe shi lokaci-lokaci a tabbata yana karantuwa. Manomi ba ya zuba hatsin shekara duka a rumbu ɗaya. Magatakarda ma bai kamata ya yi haka ba.